Kocin Ƙwarai da Jikin Ɗan Makaranta: Sharhi daga Filayen Gaya da Ajingi

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146. An gano cewa kashi 81 cikin ɗari na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma 'yan mata sun fi maza zama wuri ɗaya. Abin da hukumar ke nema bai taka kara ya karya ba: yaro ya samu kamar sa'a guda kowace rana yana abin da zai sa shi gumi da ɗan haki, sannan sau uku a mako ya yi wanda ya fi haka ƙarfi. In ka karanta wa magidanci wannan a Toranke ko Shagogo, dariya zai yi maka. Ɗansa ya yi sammakon gona, ya ja guga, ya taka sayyada zuwa makaranta, da yamma kuma ga ciyawar dabbobi tana jiransa. Wane motsa jiki ne ya rage?

Maganarsa tana kan hanya, sai dai ba ta kai gida ba. Aikin ƙarfi daban, horon jiki daban. Noma yana ƙarfafa baya da damtse, yana koya wa yaro juriya, amma yini a sunkuye ba ya koyar da gudu, ba ya sa gaɓoɓi su saki. Kuma gona ba ta tambayar jiki ko ya huta. In aiki ya kama, ya kama. Horo kuwa awo ne: a ɗora wa jiki nauyi daidai ƙarfinsa, a bar shi ya huta ya gyara kansa, sannan a ƙara kaɗan. Ban da haka, ba kowane ɗalibi ne ke zuwa gona ba. Akwai ɗan makarantar kwana, irin na Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya ko sakandaren gwamnati ta Ajingi, wanda yawancin yininsa a zaune yake a gaban allo da littafi. Akwai ɗan cikin gari da ya haddace sunan kowane ɗan wasan Real Madrid da Arsenal, yana da bencinsa na din-din-din a gidan kallon ƙwallo, amma in akuya ta kwance aka ce ya kamo ta, sai ya dafa bango yana haki. Duk a fili ɗaya suke haɗuwa bayan la'asar, a gaban mutum ɗaya mai usur a wuya. Abin da mutumin nan ya sani, da wanda bai sani ba, shi ke yanke yadda tafiyar kowannensu za ta kasance.

Wane ne shi? A makaranta malamin wasanni ne, in an yi sa'a akwai shi, wanda ya karanta ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejin ilimi ko a Jami'ar Bayero. Sau da yawa kuma malamin lissafi ne ko na Hausa da shugaban makaranta ya ga yana son ƙwallo ya damƙa masa ragamar. Amma wanda ya fi yawa, ya kuma fi tasiri a kan samarin Gaya da Ajingi, shi ne kocin unguwa. Tela ne, ko mai gyaran babur, ko ƙaramin ma'aikacin sakatariya. Ya buga ƙwallo a zamaninsa har gwiwa ta ce masa ya isa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa. Shi ke ɗinke ƙwallo in ta fashe, shi ke bin yara karo-karon kuɗin mota in za a je wasa Wudil ko Kademi, shi ke ba mai gona haƙuri in ƙwallo ta faɗa cikin gero. Duk wanda zai yi sharhi a kan gazawar wannan bawan Allah, to ya fara cire masa hula, domin ba don shi ba da filayen nan sun zama wurin shanyar kaya.

Matsalarsa ita ce madubin da yake dubawa. Duk ɗan jihar Kano da ya san ƙwallo ya taso ne a inuwar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990. Kadiri Ikhana ya ci mata gasar ƙasa a 2008, a shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, Baba Ganaru ya ci kofi a 2012 da 2013, Okey Emordi ya cike na uku a jere a 2014, Ibrahim Musa Jugunu kuma ya kawo kofin Aiteo a 2019. Waɗannan manyan masu horarwa ne, amma sana'arsu ba irin ta kocin yara ba ce. Ƙarti ake ba su, waɗanda jikinsu ya gama ginuwa, a ce su ci wasan Lahadi ko su kama gabansu. Kocin yara kuwa jikin da bai gama girma ba aka ba shi, kuma sakamakon aikinsa ba ya fitowa sai bayan shekaru. In ya ɗauko tsawar da yake gani a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko a talabijin, ya sauke ta a kan ɗan shekara 13, ya ɗauko abin da ba nasa ba.

Da ni za a tambaya wanda ya kamata kocin ƙauye ya duba, sai in nuna masa wasu malaman makaranta biyu a gabashin Afirka. Ɗaya shi ne Colm O'Connell, mutumin Ailan, wanda ya sauka a makarantar St Patrick da ke Iten a Kenya a 1976 don koyar da labarin ƙasa, bai san komai game da horar da 'yan tsere ba. Ya zauna, ya lura, ya koya daga yaran kansu. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a tseren mita 800 a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ɗayan kuma Sentayehu Eshetu ne, malamin wasanni a Bekoji, wani ƙaramin garin manoma a Habasha. A hannunsa Derartu Tulu ta fara gudu, wadda ta ci zinare a Basalona a 1992, haka ma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Gaskiya ne garuruwan nan biyu a kan tsaunuka suke, sama da mita 2,000, abin da ke taimaka wa jinin mai gudu, kuma ƙasar Gaya shimfiɗaɗɗiya ce. Amma tsauni bai taɓa horar da kowa ba. Abin da mutanen biyu suka yi tarayya a kai shi ne sun daɗe a wuri ɗaya, kuma sun san kowane yaro da gidansu.

Nan ne nake ganin sifar farko take, wadda sauran duk a kanta suke tsaye: ido. Ba idon gano tauraro ba, wannan kowa yana da shi, ko mai sayar da rake a bakin fili zai nuna maka yaron da ya fi iya yanka. Idon da ake nema shi ne mai ganin yaron da ke bayan layi, wanda ya rage gudu yau, wanda leɓensa ya bushe, wanda yake ɗingisawa yana ɓoyewa don kada a cire shi.

A ɗauki ɗalibi ɗan shekara 15, siriri, wanda bai taɓa shiga atisaye ba, abokai suka ja shi fili. A hannun wani kocin, ranar farko za a ce ya zagaya fili sau goma tare da waɗanda suka shekara suna yi. A zagaye na huɗu zai ji kamar ana soka masa wuƙa a haƙarƙari, ya tsaya ya dafa gwiwa. Sai a daka masa tsawa: "Kai, rago! Nan ba ɗakin uwarka ba ne!" A bi shi da tsallen kwaɗo. Washegari da jibi cinyoyinsa za su ƙi lanƙwasuwa, har sujada sai ya yi dabara. Wannan ciwon ba wani abin tsoro ba ne, tsoka ce da aka sa ta aikin da ba ta saba ba, yakan yi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku ya wuce. Amma ba wanda ya gaya masa haka. Abin da ya fahimta shi ne ba a halicce shi don wannan ba. Ba zai koma ba, kuma koci ba zai ma lura ba, tunda dama ba a cikin sha ɗayansa yake ba.

A hannun wani kocin kuma, kafin ya taɓa ƙwallo sai an yi hira.

"Samari, me ka ci yau?"

"Koko na sha da safe, koci."

"Da rana fa?"

Shiru.

"An je gona?"

"An je, daga asuba zuwa hantsi."

"A gidanku akwai mai sikila? Kai fa, kana yin asma lokacin sanyi?"

Tambayoyi ne na minti biyu, amma daga su koci ya san yau ba ranar zagaye goma ba ce. Zai ce ya yi sassarfa minti biyu, ya yi tafiya minti ɗaya, ya maimaita har kwata ɗaya ta cika, da sharaɗin ya iya magana yana cikin gudun. In magana ta gagara, ya wuce ƙa'ida. Zai kuma faɗa masa tun kafin ya tafi cewa gobe jiki zai yi tsami, kada ya damu, ya zo a miƙe gaɓoɓi. Duk manomin da ya taɓa horar da ɗan bijimi don huɗa ya san wannan ilimin. Ba a ɗaura masa garma ranar farko a ce ya gama gona. Sai ya saba da igiya, ya saba da karkiya, ya ja gungume mara nauyi, a haɗa shi da babban sa mai hankali. Wanda ya yi gaggawa, ko ya karya dabba ko ya mayar da ita mai gardama har abada. Abin mamaki, mutumin da ke wannan haƙurin da sa, in aka ba shi ɗan mutum sai ya manta.

In yaron nan ya jure, abin da ke faruwa a jikinsa a jere yake, kuma ya kamata koci ya san jerin. A makonnin farko ƙarfin da yake ji ya ƙaru ba tsoka ce ta girma ba, jijiyoyi ne da ƙwaƙwalwa suka koyi yadda za su sa tsokar da ke akwai aiki tare. Bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu sai zuciya ta fara nuna alama: tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta bukatar yawan bugu. Ana iya auna wannan ba tare da na'ura ba. Da asuba kafin ya tashi, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga bugun daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Yaron da ya ga lambar nan tana sauka da idonsa ba ya bukatar a yi masa wa'azin motsa jiki. Akwai kuma gwajin da wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968: a ga nisan da mutum zai iya gudu cikin minti 12. Agogon waya da fili da aka auna da taku sun wadatar. A yi shi farkon zangon karatu, a sake a ƙarshe, a rubuta. Ni dai in na ga koci da ɗan littafin rubutu mai sunan kowane yaro, da kwanan wata, da abin da ya yi, nakan ba shi amana fiye da mai tarin kofuna a shagonsa.

Sai kuma wata na uku ko na huɗu, inda ci gaba ke tsayawa cik. Yaro yana zuwa kullum amma lambobi sun ƙi motsi, ɗokin farko ya tafi, jarrabawa ta matso. Yawancin masu bari a nan suke bari. Kocin da bai sani ba sai ya ƙara wuya, alhali sau da yawa hutu ake bukata, ko canjin salo. A nan wasanninmu na gargajiya suke da rana. Langa, wadda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle yana ture abokin hamayya, tana gina ƙarfin cinya da idon sawu da iya tsayuwa fiye da atisaye da yawa da ake kwafowa daga waya, kuma ba ta cin ko sisi. Kokawa a kan yashi ma haka. Makwabtanmu na Nijar sun riƙe ta da daraja, tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa. Mu kuwa mun bar ta sai bayan girbi, in an tuna.

Kalandar da kocin Turai ke bi ba ta san yanayinmu ba, don haka dole kocin Gaya ya tsara tasa. Lokacin hunturu ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙura na tayar da asma, jiki kuma yana daɗewa bai ɗumama ba. Da damina yara na zuwa fili bayan sun riga sun yi rabin yini suna noma, ga zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya tashi daga zazzaɓi jiya jininsa bai dawo ba, ba a sa shi wasan minti 90 yau don kawai shi ne mai cin ƙwallo. Da azumi, mai hankali yakan mayar da atisaye dab da shan ruwa a sassauta shi, ko bayan asham. In an dawo daga dogon hutu kuma a tuna cewa makonni kaɗan na zama sun isa su zubar da wani ɓangare na abin da aka tara, ba daga inda aka tsaya ake ɗorawa ba.

Amma bazara ce mai kisa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kuma har yanzu akwai kocin da ke hana yara ruwa a tsakiyar atisaye, wai yana sa nauyin ciki ko yana kashe zuciya. Wannan ba horo ba ne, ganganci ne. Jiki na bukatar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma ko ya saba ba ya daina bukatar ruwa. Yaron da ya fara jiri, ko amai, ko magana ba kan gado, ko tafiya yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwa a jiki, a nemi asibiti. Ba lokacin cewa ya yi ta maza ba ne. Jarka ɗaya ta ruwa mai tsafta a gindin bishiya tana cikin kayan aikin koci kamar yadda usur yake.

Tambayar sikila da kocin can ya yi ma ba ta banza ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya kowane wasa, akwai manyan 'yan wasa masu shi. Sai dai in aka matsa masa da gudu mai tsanani, ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, haɗarin ya faɗi ya fi na sauran. Mai SS kuwa ba a hana shi motsa jiki, amma nasa mai sauƙi ne, da shawarar likita. Tun 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na rukunin jini. In za a iya yi wa ango, ban ga abin da zai hana a yi wa ɗan wasan makaranta ba. Waɗanda suka manyanta suna tuna ranar 12 ga Agustan 1989, da ɗan wasan Nijeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana wasa da Angola, zuciya ta tsaya, yana ɗan shekara 25. Yaron da ya taɓa suma yana gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji, likita ne zai ba shi izinin komawa fili, ba koci ba.

Kan raunuka, abin da ya fi arha shi aka fi rainawa: ɗumama jiki. Hukumar FIFA tana da wani tsari na minti 20 da ake kira 11+, gudu ne a hankali, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ƙarfafa ciki da bayan cinya, da koyon yadda ake dira daga tsalle. Da aka gwada shi a kan 'yan mata masu ƙwallo a Norwe, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.  Akwai kuma ciwon da ke kama yara masu tsawo da sauri a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin ya kumbura ya yi zafi in an taɓa. Ƙashi ne ke girma jijiya na jan sa, maganinsa rage tsalle da gudu na ɗan lokaci, ba tsaga ba, ba matsa ba. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa ƙasar nan aiki tun kafin a san asibiti. Amma karaya kusa da gaɓar yaro mai girma tana iya taɓa wurin da ƙashi ke tsawo, a fara ɗaukar hoto tukuna.

Daga ido sai gaskiya, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Rage shekaru ya zama kamar ba laifi ba. A gasar 'yan ƙasa da shekara 15 sai ka ga mai tsaron baya da sawun aska a haɓarsa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru, tunda ɗaya ɓangaren ma sun kawo nasu. Wanda aka cuta shi ne ɗan 14 na gaskiya, da ke zaune a benci ko aka taka shi ya karye. Abin ya kai har sama. A 2016, shekara guda bayan Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, hoton ƙashin wuyan hannu ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin ƙungiyar, Nijar kuma ta fitar da ragowar a wasannin share fage. Ba a Abuja waɗannan yaran suka koyi rage shekaru ba. Wani koci ne a wani filin firamare ya fara ce musu ba komai.

Haka batun ƙwaya. Yaro ya ji an ce in ya sha tramadol ba zai gaji ba, ba zai ji zafin duka ba. Gaskiya ne ba zai ji ba, kuma matsalar ke nan: ciwo shi ne ke gaya wa mutum ya tsaya, in an kashe shi sai targaɗe ya zama tsagewar jijiya, ban da farfaɗiya da kamun da ƙwayar ke yi. Tun watan Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa. Kocin da ya ga idon ɗan wasansa ya canza ya kawar da kai don ana bukatar ƙwallo ɗaya, da shi da mai kemis ɗin da ya sayar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Gaskiya mafi ɗaci ita ce ta mafarki. Kowane yaro ya san labarin Ahmed Musa: ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars, ya tafi Holan a 2010, daga nan Rasha, daga nan Leicester, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. Labari ne mai daɗi kuma gaskiya ne. Amma a yi lissafi. Ƙungiyoyi 20 ne a babbar gasar Nijeriya. Ko da kowace ta ɗauki mutum 40, gurbi 800 ke nan ga ƙasa baki ɗaya. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gaya kaɗai ta haura mutum 200,000, Ajingi ta haura 170,000. Kocin ƙwarai ba ya kashe wa yaro gwiwa, yana iya kai mai baiwa gwaji Kano, ya nema masa hanyar gasa irin ta kofin Ramat. Amma ba ya bari ya ajiye littafi saboda ƙwallo, kuma in wani dillali ya zo da labarin kulob a Turai ko Dubai yana neman a sayar da gona ko shanu a biya kuɗin biza, shi ne na farko da zai je ya ce wa uban yaro, "Malam, kada ka sayar." Mai karɓar na goro kafin ya sa yaro a wasa kuwa, bai cancanci a kira shi koci ba. Ko a matakin ƙasa an ga abin da irin wannan ke jawowa: a 2018 hukumar ƙwallon Nijeriya ta dakatar da koci Salisu Yusuf shekara guda bayan an ɗauke shi a bidiyo yana karɓar dala 1,000, duk da ya ce kuɗin bai shafi zaɓen 'yan wasansa ba.

Iyaye a wannan yanki ba ƙin wasa suke ba, abin da ke biyo bayansa suke tsoro: a bar Islamiyya, a bar sallah, a dawo gida da ashar a baki, a ɗauko abokan banza. Kocin da ke busa usur na tashi kafin kiran magariba, wanda ya san ranar da yaransa ke da hadda, wanda ke zuwa zaure ya gaisa ya nemi izini kafin a tafi wasan waje, ba ya rasa yara. Akwai ma abin da ya fi kowa damar faɗa a zauren: abinci da barci. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, zogale, fura da nono, duk ga su a ƙasar. Ɗan shekara 15 kuma yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10, wanda ba ya samuwa ga mai kallon wasan dare har sha ɗaya ya tashi da asuba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan kusan na maza ne, kuma wannan kansa abin dubawa ne. Yarinya tana gaɗa da tsallen igiya har ta kai shekara 11 ko 12, daga nan sai a ce ta girma, motsinta ya koma shara da daka da talla. Ba sai an yi rigima da al'ada ba kafin a gyara wannan. Makarantar mata mai katanga, da malama mace da ta san aikin, da ƙwallon raga ko ta hannu, da sutura cikakkiya, sun isa. Ita kanta FIFA ta halatta wasa da lulluɓin kai tun 2014. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamar, domin 'yan mata kaɗan ne ake ƙarfafa wa gwiwa su karanta wannan fanni a kwalejin ilimi.

Saura tambayar wa zai horar da mai horarwa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke ba da takardar koci a Legas take, tela mai 'ya'ya biyar ba zai rufe shago ya tafi can ba. Amma abin da ya fi bukata, wato taimakon gaggawa, da ɗumama jiki, da alamomin bugun zafi, da yadda ake ƙara nauyi daki-daki, bita ce ta kwana biyu ko uku da malamai daga Kano da ma'aikatan babban asibitin Gaya za su iya bayarwa a ɗakin taro na sakatariya. Kuɗi kuwa suna shigowa wasan, ta wata ƙofar dai suke bi. Da zarar zaɓe ya matso sai kofunan 'yan siyasa su ɓarke, jesi da hoton mai gida a ƙirji, a cusa wasa uku cikin mako guda da tsakar zafi don a gama kafin ranar taro, ba ruwa, ba akwatin magani a bakin fili. Mai sa kofin yana da ikon gindaya sharaɗi ɗaya: ƙungiyar da kocinta bai halarci bitar ba, ba za ta shiga ba. Kuɗin bitar bai kai na jesin ƙungiya huɗu ba.